Bayanin Inda Muka Kai: Karanta Mayo Kam da Rassansa Kafin Hawan Gashaka

'Yan'uwa masu koyon tafiyar ƙafa a tsaunuka, aikinmu na wannan zango ya tsaya ne a kan ruwan Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa, kuma shi ne mafi girma a Najeriya. Ido yakan tafi kan tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, amma a yankin nan kogi ne ke yanke wa mutum hanya da lokacin tashi, shi ya sa muka sa shi gaba.

Mun kammala darasin sunaye. A taswirar yankin, Mayo kogi ne da Fulatanci, Chappal kuma tudu mai faɗin kai. Mayo Kam, Mayo Gashaka, Mayo Gamgam da Mayo Yim duk daga waɗannan tuddai suke gangarowa, ruwansu ya shiga Kogin Taraba, daga nan sai Binuwai. Matsalar ita ce rubutu: taswirar da aka yi ta ɓangaren Kamaru takan rubuta Tchabal maimakon Chappal, don haka wanda ya nemi suna ɗaya tak a waya zai iya cewa wurin babu shi. Ku rubuta kowane suna yadda taswira ta kawo shi, kusa da shi kuma yadda ɗan jagora yake faɗa.

Karatun layukan tudu, wato layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswira, ya fara zama. Inda layin ya lanƙwashe kamar harafin V yana ƙetare ƙorama, tsinin yana nuna inda ruwan ya fito. Idan layukan sun matse a gefen kogi biyu, kwazazzabo ne, kar a sa ran hanya a bakin ruwa. Wajen lissafin lokaci muna ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, da ƙarin awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa, sannan a ƙara lokacin kowane mashigi daban.

Mashigin ne ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanta. Hanyar da ta tashi daga garin Serti zuwa ƙauyen Gashaka dole ta ƙetare Mayo Kam, wanda da damina yake cika har ya tare hanya, shi ya sa tafiyar ta fi kyau daga Disamba zuwa Maris. Ko da rani, a zaɓi inda kogin ya baje ya yi faɗi, ba inda ya matse ko ya yi kwana ba, domin a bayan kwana ruwa yakan rarake ƙasa ya yi zurfi. A kwance maɗaurin jaka na ƙugu da na ƙirji, saboda jakar da ta sha ruwa tana danne mai ita. A fuskanci inda ruwan ke fitowa, a kafa sanda a gaba, a ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya ba tare da harɗe su ba. A bar takalmi a ƙafa. Duwatsun ƙasan suna da gansakuka mai santsi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a haƙura da shi. Idan kuma ruwan ya fara yin ja yana kawo ganye da ƙirare, an yi ruwan sama a can bisa ko da rana ake yi inda kuke, sai a fita nan take. Wajen kwana, a dubi tarkacen da ambaliya ta bari a rassan bishiya, a kafa tanti sama da wannan alamar.

Akwai dorina a tafkunan Mayo Kam, don haka ba a shiga ruwa mai zurfi mai kwanciya, ba a kuma tare mata hanyar komawa ruwa. Ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, sai a sa kaya masu ruwan ƙasa, dogon hannu. Hakan kuma yana rage cizon baƙin ƙudan da ke haihuwa a ruwa mai gudu, mai kawo makantar kogi. Ruwan sha a tafasa shi minti ɗaya, sama da mita 2,000 kuma minti uku.

Ba a shiga gandun sai da izinin hukumarsa da rakiyar masu gadin daji, su ne kuma za a tambaya halin tsaro kafin a sa rana. Darasi na gaba shi ne hanyar Chappal Waddi ta ɓangaren Mambila, ta Nguroje da Njawai. Kowa ya zo da kamfas da taswirarsa a cikin leda.