Kwana Tara a Tsibirin Zanzibar

Shekara biyu muka yi ni da uwargidana muna tara kuɗin wannan tafiya, kuma dukkan shirin da muka yi a Garwa a kan hotunan waya muka ɗora shi, inda ake nuna farin yashi da bishiyoyin kwakwa da ruwa shuɗi yana taɓa ƙofar masauki. Abu ɗaya na yi daidai, wato na kauce wa babbar daminarsu wadda take sauka daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a nan wajenmu. A watan Yuli muka shiga mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa har Yawunde, sannan jirgin sama ya bi da mu ta Adis Ababa. Tun ƙafarmu ba ta taka yashi ba, kowannenmu ya biya dala 50 na biza da dala 44 na inshorar da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024, jimla sama da sefa dubu ɗari, kuɗin da ban saka a lissafina na farko ba.

Mun isa Paje, a gabashin tsibirin, da daddare, muna jin ƙugin teku a bayan ɗakinmu. Da na fito bayan sallar asuba, rana ta ɗan ɗaga, sai na tarar ruwan ya tafi. Inda jiya igiya take dukan gaɓa ya zama fili mai danshi, kwale-kwale suna kwance a gefensu kamar shanu a makiyaya, shuɗin ruwan kuma yana can nesa da ƙyar ido yake kai masa. Uwargida ta tsaya a bayana ta ce, "Alhaji, wannan ai Binuwai ne da rani, shi muka biyo da kuɗinmu?" Mai masaukin ya yi dariya, ya bayyana mana cewa wata ne yake jan ruwan, yana janyewa ya dawo sau biyu a yini, kuma kowace rana yana makara da kusan minti hamsin. Wanda yake son ruwa a ƙofarsa ko da yaushe, in ji shi, Nungwi yake zuwa a arewa. Babu hoton da ya gaya mini wannan.

Sai dai a cikin filin nan na ga abin da ya fi burge ni. Mata ne sanye da zane da mayafi, zaune cikin ruwa iya gwiwa, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka miƙa tsakanin turaku, layi-layi kamar kunyar gyaɗa. Gona ce sosai, suna girbe ta su shanya su sayar, a fitar da ita ƙasashen waje. Wata dattijuwa ta tsinko wa uwargida reshe ɗaya mai santsi kamar roba, ta ƙi karɓar ko sisi, alhali ƴan metoci kaɗan daga wurin samari masu tallar yawon jirgi ba sa barin baƙo ya yi taku goma cikin natsuwa.

Agogon Suwahilawa kuwa a tsohon gari, Stone Town, ya kayar da ni. Na yi ciniki da wani mai kwale-kwale zai kai mu tsibirin Changuu mu ga manyan kunkuru, ya ɗaga yatsu uku ya ce "saa tatu". Na ji daɗi cewa kalmarsu ta yi kama da sa'a, kamar yadda habari ta yi kama da labari, na zo ƙarfe uku na yamma. Ashe Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ɗaya, don haka tara na safe yake nufi. Mutumin ya jira mu da hantsi ya gaji. Wani dattijo mai jin Larabci da muka yi la'asar tare shi ya warware mana rigimar, ya kuma ja mu gidansa ya ba mu gahawa da dabino, yana ce mini ɗana, yana tambaya ko Kamaru ma ana yin azumi da zafi.

Farashi kuwa kashi biyu ne, na ɗan gari da na baƙo, kuma baƙar fata ba ta fid da mutum idan bakinsa bai iya Suwahili ba. A kasuwar Darajani sai da na yi kamar zan tafi sau biyu kafin kanumfari ya sauko zuwa rabin kuɗin farko. Gasasshen kifin da ake sayarwa da dare a Forodhani ya yi tsada, kuma a ganina bai kama ƙafar giwan ruwan Lagdo ba, amma ruwan rakensu da citta da lemun tsami na sha kofi biyu kowane dare.

Mun ga majami'ar da aka gina a wurin kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Nungwi kwana ɗaya kawai muka samu, ruwan kuwa yana nan a gaɓa. A hanyar dawowa jirgin ƙasa ya makara, kuma har yau akwatin uwargida ƙamshin kanumfari yake yi.