Lamba ɗaya a wuri biyu

Yau dai VAT, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, ne ya cinye min wuni. Alhajin da muke kula wa da manhajar lissafin shago a Kantin Kwari ya fara sa VAT a rasidi satin nan, sai ga kira da hantsi wai abin da firinta ke fitarwa daban, na kan sikirin daban, ga kwastoma tsaye. Na ce ranka ya daɗe a ɗan yi haƙuri yanzu za mu duba.

Manhajar da React Native aka yi ta, wato tsarin rubuta manhajar waya, fuskar da mutum ke gani da yaren JavaScript aka rubuta ta, ɓangaren da ke magana da firintar Bluetooth kuma da yaren Kotlin na Android. Ina buɗewa sai ga VAT ɗin kashi 7.5 a JavaScript, a Kotlin kuwa 5 ce zaune abinta, tsohon kason da aka bari tun Fabrairun 2020. Wanda ya fara aikin ya gyara ɗaya ya bar ɗaya, kuma ba wani kompaila, mai fassara wa na'ura abin da ka rubuta, da zai maka ƙorafi tunda kowanne a yarensa daidai yake. Wlh abin ya dame ni, don kuɗin mutane ne.

Abokin aikina ya ce malam kawai mu bar komai a Kotlin, JavaScript ta riƙa ɗauka ta getConstants, hanyar da Kotlin ke miƙa mata lambobi. Yana aiki kam, amma na ce masa oga ranar da Alhaji ya ce yana son ta iPhone fa? Sai mu sake rubuta lambobin a Swift, yaren manhajar iPhone, mun koma gidan jiya kenan. Mun ɗan ja har aka kira azahar, da muka dawo masallaci ya yarda.

Abin da muka yi shi ne fayil ɗaya, constants.json, duk wata lamba da ɓangarorin biyu ke buƙata tana ciki, VAT, faɗin takardar rasidi, sunayen saƙonnin da suke aika wa juna. Sai ɗan sikirif, wato ɗan guntun shiri, na Node mai gudanar da JavaScript a kwamfuta, da zai karanta shi ya fitar da fayil na Kotlin da na JavaScript, muka ɗaura shi a preBuild na Gradle, matakin farko na haɗa manhajar Android, yadda ko mutum ya manta dole ya gudana, a saman kowanne muka sa kar a taɓa da hannu. JSON ɗin ba ya karɓar bayani a gefe, wannan ne kaɗai bai min ba.

VAT ɗin 750 na rubuta, a raba da 10,000, kuɗi kuma duk a kwabo, saboda JavaScript in ka haɗa 0.1 da 0.2 sai ta ba ka 0.30000000000000004, ɗan kasuwa ba zai saurari wannan ba. Makullin API, wato lambar sirrin da manhaja ke shiga sabis na waje da ita, na hana a sa a ciki, duk mai APK ɗin, fayil ɗin da ake sa manhajar a waya da shi, zai iya kwance shi ya gani.

Wuta ta ɗauke wajen la'asar, a batirin laftof muka ƙarasa gwajin. Saura jerin bankuna, shi ma na hango shi a wuri biyu, sai gobe in Allah ya kai mu.