Akwatin da muka yi wa injin kwale-kwalenmu a Daberam

Salam jama'a. Akwai waɗanda suka ga kwale-kwalen Kawuna a dam ɗin Daberam da wani akwatin katako a bayansa suna ta tambaya ko meye amfaninsa, dan rage ƙarar injin muka yi shi, shi ne nace bari in rubuta yadda muka yi shi da abin da na gani, dan ni ne ke riƙe da injin kusan kullum.

Injin Yamaha ne mai doki 15, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, na hannu ne Kawu ya sayo daga Yawuri. Yana da ƙarfi ba laifi, amma duk wanda ya taɓa zama a gindinsa ya san abin da nake nufi, kunnenka dab da shi, ka wuni ka koma gida kunne na ta shuu, kai na sara, riga duk warin mai, ga shi wanda ke gaba in ya hango kalli, wato ragar masunta, ko kututture yana maka magana sai dai ka ga bakinsa na motsi. Matan da muke tsallakarwa kuwa da mayafi suke toshe hanci.

Da na kai wa kafinta maganar a cikin Daura, shi a tunaninsa akwati ne kawai mai murfi a rufe ruf a liƙa masa soson katifa a ciki, kamar yadda yake yi wa masu janareta. Kafin a yanka ko katako ɗaya sai da na biya wajen wani dattijon bakanike da ya yi zaman Baga yana gyaran irin waɗannan injina, kuma shi ya buɗe min ido. Yace "ɗan nan, zafi ba shi ne matsalarka ba, wannan ba janareta bane da iska ke sanyaya shi, ruwa yake zuƙowa daga ƙasa ya zagaya ya fitar. Matsalarka numfashi." Ya nuna min cewa in ana gudu hayaƙin ta tsakiyar farfela yake fita a ƙarƙashin ruwa, amma in injin na silo ba shi da ƙarfin tura ruwan, sai hayaƙin ya biyo ta wata ƴar huda da ke bayan ƙafar injin, sama da ruwa kaɗan. To in ka rufe wannan hudar a cikin akwati, abin da injin ya fitar shi zai sake shaƙa.

Dan haka namu gefe uku ne da murfi, bayan a buɗe yake gaba ɗaya. Filawud mai kauri muka sa, aka shafe shi da fentin mai ciki da waje, musamman bakin da zarto ya bi dan ta nan ruwa ke shiga ya kumbura shi. Akwatin a jikin kwale-kwalen aka ɗaure shi da noti, ko kaɗan bai taɓa injin ba, mun bar fili kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe, kuma kafin a buga sai da na juya injin dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, na ɗaga shi sama kamar za a fito gaɓa, duk inda ya taɓa kafinta ya sa alama da fensir. Wannan ɗagawar ita tafi cin wuri, kan injin gaba yake kifowa sosai, shi ya sa murfin muka sa masa hinjis yana buɗewa gaba ɗaya. Ta gaba kuma aka yanka doguwar taga a kwance inda hannun tuƙi ke fitowa, muka rufe ta da robar tib aka tsaga tsakiya, hannun na yawo a ciki robar na bin sa tana rufewa. Igiyar tayarwa da cok in ka ɗaga murfi hannunka na kai musu ba sai ka kwance komai ba.

Soson katifa kam mun ƙi shi. Yana shan ruwa yana shan fetur, ga shi wuta na ganinsa ta kama, kuma wai ma ba shi ke tare ƙara ba, nauyi ne ke tarewa, soson amo kawai yake ragewa a ciki. Tib ɗin tirela muka samo wajen masu faci muka farke muka liƙe cikin akwatin da gam, muka bi da ƙananan ƙusoshi dan gam kaɗai ba ya jure ranar Daura.

Da muka sa a ruwa Kawu yace shi fa sai ya ga abin da bakaniken nan ya faɗa da idonsa, ya ɗauko ragowar filawud ya kara a bayan. Gaskiya ƙarar ta faɗi sosai har na fara murna, amma ba a jima ba injin ya fara tari yana kakkarwa, silo na sauka, ya mutu. Na ɗaga murfi hayaƙi shuɗi ya turnuƙo min fuska. Kawu ya jefar da katakon cikin jirgi yace "to, bar shi a buɗe." Kuma ba mutuwar injin ce kaɗai abin tsoro ba, cikin hayaƙin nan akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai wadda muke jin ta kashe mutane gida guda in sun kwana da janareta a ɗaki ko a zaure. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, in kafireto na ɗiga a rufaffen wuri tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka tankin mai a waje yake nesa da akwatin, tiyo kawai ya shiga.

Wani abu da ba kowa zai tuna ba shi ne fitsarin injin, wato siririn ruwan nan da yake tsartowa ta gefe, wanda da shi kake gane famfon ruwa na aiki. Akwati ya kare shi ba na gani daga inda nake zaune, kuma a Daberam ga ciyawa ga laka ga ledoji, minti kaɗan in ramin shan ruwa ya toshe an yi asarar inji. Sai muka ƙara masa siririn tiyo irin na magina muka fito da shi ta gefen akwatin, ina tuƙi ina kallonsa da wutsiyar ido.

To ya sakamako? Ƙara ta ragu, ba wai ta tafi ba, kar wani ya ruɗe ka. Kaifinta ne ya mutu, wannan tsinin da ke huda kunne, yanzu baya take tafiya kan ruwa, na gaba in ya yi magana ina ji ba sai ya yi ihu ba. Rabin gunjin ma ashe ba ta iska yake zuwa ba, jikin kwale-kwalen ne ke rawa kamar ganga, da muka sa ƴar roba tsakanin maƙalin injin da katakon baya muka ƙara ɗaurewa tam sai ya lafa. Duk wanda zai yi wannan ya riƙa duba maƙalin dan roba na saki, kuma ya ɗaure injin da igiya a jikin jirgi.

Hayaƙi kuwa akwati ba ya rage ko ɗis, hanya kawai yake canza masa. In muna gudu ko iska na fuskantarmu ba ka jin komai, amma in iska ta biyo mu ta baya muna tafiya a hankali, yana dawowa ta saman murfi, sai in ɗan karkata jirgin ko in ƙara wuta. Abin da ya rage shi na gaskiya gwajin mai ne. Mutanenmu da ido suke zuba baƙin mai, wasu ma na mota suke sawa, wai yawansa kariya ne. Ƙa'idar irin namu kashi 50 na fetur kashi 1 na mai, wato jarka mai lita 25 rabin lita na man 2T take ci, sai in injin sabo ne ana horar da shi shi ne ake ninkawa. Na samu gorar ruwa na yi mata alama, muka wanke kafireto muka canza fulogi, hayaƙin ya koma siriri, fulogi ya daina yin baƙi, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ko ba dan hayaƙi ba ai kowa na lissafin abin da yake zubawa a tanki.

Nauyin akwatin ya ɗan danne bayan jirgin, dan haka buhuna gaba muke tura su yanzu. Filawud ɗin kuma ta ƙasa inda ruwa ke fantsama ya fara tashi duk da fentin, bayan damina za mu cire wannan layin mu sa katakon maɗaci. Kafinta yace a yi na langa-langa a huta, Kawu yace a'a, kwano ƙara zai ƙara mana.