Na kira manaja "thou", ina zaton ladabi nake yi

Ranar Asabar ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, wai in duba masa takardar neman tallafin karatu kafin ya tura. Layin farko na ci karo da "I humbly beseech thee". Na ce, "Kai, ina ka tsinto wannan?" Ya ce, "Kawu, ai shi ne Turancin manya." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Lokacin da na gama sakandare ina da wani littafin rubutu mai jan bango, na cika shi taf da kalmomin da ban taɓa jin mai rai ya furta ba: "verily", "hath", "whence", "peradventure". Wasu na kwaso su daga fassarar Alƙur'ani ta Pickthall ta 1930 da ke ɗakin mahaifina, wasu daga Shakespeare da aka sa mu karanta don jarrabawa. To, laifina ne ni kaɗai? Mun taso inda ake auna malami da zurfin luggarsa. A muhawarar makaranta in na saki ɗaya, ɗakin taro sai ya kaure da tafi, har da malamai. Ba wanda ya ja ni gefe ya ce waɗannan kalmomi sun daɗe a kabari.

Da su na rubuta takardar neman aikin akawu a wani kamfani, na kira manaja "thou" tun daga sama har ƙasa. Ranar intabiyu ya ɗora yatsa a kan wata jimla ya ce in faɗa masa ma'anarta da Turancin yau. Na yi ta kame-kame, gumi na bin bayana. Aka ɗauki wani da takardarsa ba ta kai rabin shafi ba. Har gobe ina ganin na fi shi karatu, amma shi aka fahimta.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na gano shi. A zamanin Shakespeare "thou" tamkar "kai" ne, ana faɗa wa yaro ko bara ko aboki na kusa, "you" kuwa shi ne "ku" na girmamawa. Ashe gatsau na yi wa babban mutum, ina ganin durƙusawa nake yi. Kuma kalma kan zauna ma'anarta ta yi ƙaura. "Nice" a da wawa take nufi. "Meat" kowane irin abinci ne. "Let" ma a da tana iya nufin hanawa, shi ya sa har yau fasfon Birtaniya ke ɗauke da "without let or hindrance".

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ba su da yawa. Duk kalmar da ta burge ku, ku buɗe ƙamus ku duba abin da aka rubuta a gefenta. In kun ga "archaic" ta tsufa, in kun ga "obsolete" ta mutu. Babban ƙamus na Oxford ma alamar † yake sa mata. Ƙamus ɗin nan yana cikin wayar da kuke kwana kuna dannawa, amma buɗe shi ya gagare ku. Mu layi muke bi a laburare.

Ba cewa na yi ku rabu da tsofaffin kalmomin nan kwata-kwata ba. A'a, ku karanta su, ku san su sosai, wanda zai yi aikin lauya ma ba makawa ya haɗu da irin su "hereinafter". Cikin takardar neman aiki ne ban yarda ku sa su ba. Kuma ba cewa na yi ku koma rubuta "u" da "pls" ba, wannan lalaci ne tsantsa, gara ma kuskurena da shi, ni aƙalla littafi na buɗe.