Sana'ar Kai Baƙi Yawon Ƙafa a Kwarin Gaji

Aikinmu shi ne mu ɗauko baƙi daga Bauchi, mu kai su dajin Yankari, mu sauke su daga mota su taka ƙasa a kwarin kogin Gaji, mu kuma maido su lafiya. Kamfanin ƙarami ne: jagorori biyu, direba, da mai dafa abinci da ake kira idan tafiyar ta kwana ce. Galibin masu zuwa Yankari a buɗaɗɗiyar mota suke zagayawa, su yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki, su koma gida. Tafiyar ƙafa wata aba ce daban, domin wanda ke cikin mota ɗan kallo ne, wanda ya sauka kuwa ya shiga sahun masu neman ruwa, kuma a lokacin rani duk wani mai rai a dajin nan Gaji ya nufa.

Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi ana kama hanyar Gombe, a Dindima a karya kudu zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma sai an ƙara kimanin kilomita 42 kafin a isa masaukin Wikki. Wannan tazarar ta ƙarshe tana yaudarar sababbin direbobi. Suna ganin an wuce ƙofa an iso ke nan, alhali akwai sauran tafiyar kusan awa ɗaya a hankali, saboda dabbobi na tsallaka titi. Shi ya sa ba ma barin Bauchi bayan azahar.

Ba a taka ƙafa a cikin daji sai da izinin hukumar wurin, kuma sai da ma'aikacin daji mai bindiga. Mu ba mu da ikon zaɓar hanya mu kaɗai. Da yamma jagoranmu zai zauna da ma'aikatan ya ji inda aka ga giwaye a ranar, da inda garken ɓauna ya kwana, sannan a tsayar da inda mota za ta sauke mu da inda za ta jira. Wata rana su ce ba a sauka, kuma idan sun faɗi haka magana ta ƙare. Muna gaya wa baƙo wannan tun kafin ya biya kafin alƙalami, don kada ya zo yana cewa an yi masa alkawari.

Lokaci ne rabin sana'ar. Daga Disamba zuwa Janairu akwai sanyin hunturu, tafiya na da daɗi, sai dai hazo yana ɓata hoto kuma dabbobi ba su gama taruwa ba, don har yanzu akwai ruwa a tafkunan nesa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu tafkunan sun ƙafe, ciyawa ta kwanta ko an ƙone ta, Gaji kuma bai ƙafewa saboda maɓuɓɓugai ne ke ciyar da shi. A nan ake ganin gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna, amma a nan ne kuma zafi ke haura digiri 40. Da damina ba ma kai kowa tafiyar ƙafa. Gamba takan fi mutum tsawo, ba ka ganin abin da ke taku biyar gabanka, fadama kuma ta zama taɓo.

Ana fita da zarar gari ya waye sosai bayan asuba, a gama kafin ƙarfe goma. Kilomita biyar zuwa bakwai ne a cikin awa uku. Matasa sukan raina wannan, su ce ai suna yin fiye da haka a filin ƙwallo. Yashin kwari yana cin ƙafa, kuma tsayuwa ta fi tafiya yawa. Ba ma wuce mutum shida a ayari ɗaya, kuma ba ma ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba. Idan an kai mutum goma, na baya ba ya jin umarni, hayaniya kuma ta kori duk abin da aka zo gani.

Jeri ɗaya ake yi, kamar ayarin fatake. Mai bindiga a gaba, jagora a bayansa, baƙi a tsakiya da tazarar taku biyu, jagora na biyu a ƙarshe yana ƙirga kawuna. Wanda ya fi kowa rauni shi ake sawa kusa da gaba, don saurin ayari ya zama nasa. Kafin a tashi ana koya musu alamu uku da hannu: tsaya, durƙusa, ja da baya. Ana kuma maimaita musu cewa ba a gudu. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa, kuma ita ce ta fi tsada, domin dabbar da ke tsaye tana shawara, gudun mutum ne ke yanke mata hukunci.

Jagora yana riƙe da toka a ƙulle cikin tsumma. Kowane ɗan lokaci yakan kaɗa ta ya ga inda iska ta nufa. Ana so iska ta riƙa bugun fuska, ta kwashe warin mutane zuwa baya. Giwa ba ta da kaifin ido, amma hancinta ba ya kuskure, kuma giwayen Yankari sun sha wuya a hannun mafarauta, ba su da dalilin amincewa da ɗan Adam. Da hantsi, idan ƙasa ta ɗauki zafi, iskar kwari takan fara juyi, ba ta da alƙibla. Wannan ma wani dalili ne na gamawa da wuri.

Karatun sawu kuwa ba a koyonsa a aji. Kashin giwa idan yana da danshi da ɗumi, ƙudaje sun rufe shi, to ba ta yi nisa ba. Idan ya bushe gara ta fara cinsa, na kwanaki ne. Reshen da aka karya, idan cikinsa fari ne da ruwa, yanzu aka wuce. Sawu ƙanana a cikin manya yana nufin akwai 'ya'ya, kuma a nan ba a shawara, hanya ake canzawa. Ɓauna ta fi wuyar sha'ani. Garke ba shi ne abin tsoro ba, tsohon namijin da ya ware shi kaɗai ya kwanta cikin duhuwa ne. Sau da yawa carki ne ke tona shi: idan ka ji kukansu, ka ga sun tashi daga cikin ciyawa, akwai babbar dabba a ƙarƙashinsu. Gwaggon biri ma ɗan rahoto ne. Haushinsa na wasa daban, na ganin abin tsoro daban, kuma jagoran da bai iya bambance su ba bai isa ya shiga gaba ba tukuna.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen sababbin jagorori shi ne bin bakin ruwa, saboda nan ne inuwa take, nan ne maɗaci da giginya suke, nan ne hoto ke kyau. Mu gefen tudu muke bi, inda fadama ta haɗu da dajin kawo da marke, mu leƙa ruwa daga sama a wuraren da ake gani sarai. Dorina tana fita kiwo da dare, ta koma ruwa da sassafe ta hanyar da ta saba, wata 'yar turba mai faɗi da ta dannu. Wanda ya tsaya a kan turbar nan da safe ya shiga tsakaninta da mafakarta, ita kuma ba ta kaucewa. Ana tsallake irin wannan hanya da sauri, ba a binta. Kada kuma yana kwance a inda dabbobi ke shan ruwa, don haka ba mai matsawa ƙasa da taku biyar daga gaɓa, ko don wanke fuska ne. Ruwan alwala a jarka muke ɗaukowa.

Duk da haka, ba giwa ko ɓauna ke ɓata mana tafiya ba. Ƙishirwa ce, da takalmi, da ƙudan tsando. Kowane baƙo yana ɗaukar lita biyu a jakarsa, akwai jarkar lita 20 a mota. Ana tsayawa sha duk bayan minti 30, ko mutum ya ce ba ya jin ƙishi, don kafin ya ji, jiki ya riga ya yi asara. Alamar farko ita ce shiru: mai surutu ya daina magana, ya fara tuntuɓe, ya ce kansa na sara. A zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan babu na leda, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Idan ya fara sambatu kuwa, tafiya ta ƙare, sai mota da asibiti. Mai azumi ba ma kai shi doguwar tafiya a watan zafi, a mota yake zagayawa.

Takalmi sabo fil ba ya shiga daji. Kafin kilomita uku ya yi wa dunduniya bororo. Tsohon kambas mai kaurin ƙasa da safa mai kauri ya fi, silifa kuma a bar shi a ɗaki. Wando dogo, a cusa ƙafarsa cikin safa saboda kaska da ƙarangiya. Tsando yana da yawa a duhuwar kwari, yana son baƙi da shuɗi, kuma yana huda yadi mara kauri, saboda haka kaki ko ruwan ƙasa muke cewa a sa. Farar shadda kuwa daga nesa dabba ke hango ta. Turare ma a haƙura da shi na rana ɗaya, don yana jawo ƙudan zuma. Wannan sharaɗin ne ake yawan yi mana gardama a kansa, maza ma sun fi mata.

Maciji ba kasafai ake gamuwa da shi ba, amma shirin yana nan kullum. Kasa ba ta gudu, kwanciyarta take yi a kan hanya, kububuwa kuma tana son duwatsu da busasshen ganye. Ba a sa hannu a rami, ba a tsallaka gungume sai an taka samansa an duba bayansa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa mota. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya shahara wajen maganin saran maciji, amma yana da nisa, don haka kafin kowace kaka muna bincika asibiti mafi kusa da ke da allurar a ajiye. Waya ba ta kamawa a wurare da yawa, shi ya sa direba ba ya barin inda aka ce ya tsaya, kuma ya san lokacin da idan ba mu fito ba zai nemi agaji.

Ga waɗanda ba su da ƙarfin doguwar tafiya, akwai gajeru masu tarihi. Kogunan Marshall guda 59 ne da aka sassaƙa a jikin dutse, ana kyautata zaton mutane sun fake a ciki zamanin farautar bayi. Akwai rijiyoyin Dukkey 139 da ke haɗe ta ƙarƙashin ƙasa, akwai kuma tsofaffin matoyan ƙarfe. Ɗaliban makaranta a nan suka fi tambaya. Bayan an dawo, sai Wikki, ruwan da ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 dare da rana. A nan ma akwai aiki, domin birai sun ƙware wajen fizge leda, har ƙofar ɗaki suke buɗewa idan ba a kulle ba. Ba a ba su abinci, wanda ya ba su yau ya jawo wa baƙon gobe cizo.

Ta fuskar kuɗi, mota da mai su ne ke cinye kaso mafi tsoka, sai ɗakuna, kuɗin shiga, na kyamara, da haƙƙin ma'aikacin daji. Kuɗin mota ɗaya ne ko mutum biyu ne ko shida, don haka ayarin da bai kai mutum huɗu ba da ƙyar yake fitar da kansa. Muna karɓar rabin kuɗi mako biyu kafin tafiya, saboda a lokacin Sallah da Kirsimeti ɗakunan Wikki na cika. Masu kallon tsuntsaye su ne baƙin da suka fi auki. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 350 a dajin, su kuma sukan kwana uku ko huɗu, ba sa hayaniya, ba sa tambayar ina zaki. Masu tambayar zaki muna gaya musu gaskiya tun a waya: akwai shi, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma mutum na iya zuwa sau da yawa bai ga ko sawunsa ba.

Cinikin wata biyar ne ke riƙe shekara. Da damina motar tana komawa haya, jagorori su koma gona. Abin da ba a ajiyewa shi ne littafin tafiya, inda ake rubuta ranar kowace fita, lokacin tashi da dawowa, inda iska ta juya, sawun da aka gani, da yawan ruwan da ya rage a jarka. Da shi ake tsara hanyoyin kaka mai zuwa, kuma shi ake fara miƙa wa sabon jagora ya karanta, kafin ya yi kaka guda cur yana tafiya a ƙarshen layi yana ƙirga kawuna.