Littafin sunayen da na gani jiya

Jiya na leƙa wani ɗan ɗaki a bayan laburaren birnin da nake aiki, inda aka baje tsofaffin hotuna da wasiƙu na 'yan LGBT na garin, wato masu son jinsi ɗaya, masu son maza da mata duka, da masu sauya jinsi. Birnin ba wani babba ba ne, kusan kowa ya san kowa, shi ya sa abin ya taɓa ni sosai.

Wata dattijuwa ce ke kula da kayan. Ta ce min boren Stonewall, wanda 'yan LGBT suka yi wa 'yan sanda a New York a 1969, kowa ya ji labarinsa, amma su a nan an ɗauki shekaru kafin su iya haɗuwa a fili. A falon juna suke taruwa, labule a sake, murya ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗauko wani littafin rubutu da bangonsa ya yage, cike da sunayen waɗanda ƙanjamau ta ɗauke kafin 1996, lokacin da aka samu haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar. Wasu danginsu ko jana'iza ba su zo ba. Abokai ne suka yi jinyarsu, suka binne su.

A shafin ƙarshe ta manna yankin jarida na 1990, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka. Takardar har ta yi ja.

Na daɗe tsaye, na kasa magana. Da zan fita ta ce ranar Asabar suna ɗaukar hoton wasiƙun domin adanawa a kwamfuta, kuma hannu ya yi musu kaɗan. Na ce, Mama, zan zo.