Inji ba ya tarewa shi kaɗai

Da azumin 2023 ne, saura 'yan kwanaki salla, na taso daga Jega da la'asar sakaliya ina sauri in sha ruwa a gida Birnin Kebbi. Wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar Kabi ba sai an yi masa bayani ba. Ban yi nisa ba allurar zafi ta fara hawa. Na gan ta sarai, na ce bari in lallaɓa, ai an kusa. Ashe robar lagireto ce ta fashe, ruwa ya tsiyaye tas. Kafin in shiga Kalgo inji ya yi wata ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, sannan ya yi tsit. A bakin titi na sha ruwa, da dabino uku da wani mai mashin ya miƙo mini. Laifina ne, ban da wanda zan ɗora wa.

Motar Dodge Challenger ce ƙirar 2012, baƙa, mai ƙofa biyu, irin waɗanda Amurkawa ke wa kirari da masu ƙwanji: ƙaton inji a gaba, ƙafafun baya ke turawa, bonet kamar shimfiɗar tabarma. A garin Brampton na Kanada aka riƙa haɗa su har ƙarshen 2023 da aka daina. Sai dai tawa autar ɗakinsu ce. Injinta silinda shida ne, lita 3.6, wanda ake kira Pentastar, mai ƙarfin doki 305. Yayarta R/T tana da babban injin da ake kira HEMI, silinda takwas lita 5.7. Sama da ita akwai SRT8 mai lita 6.4 da doki 470, kuma daga 2015 aka fito da Hellcat mai doki 707. Duk jikinsu kusan ɗaya, cikin ne ya bambanta. Tun ranar da na saye ta wannan abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yaran zamani da waya a hannu sun san komai, in na tsaya gidan mai sai wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, HEMI ce?" Ni kuma in yi kamar ban ji ba.

To da inji ya buga, maimakon baƙin ciki sai na ji wani sanyi a rai. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Tunda dole a sa wani, me zai hana a sa babba?

Kawuna ne ya ƙara zuga ni ba da saninsa ba. Shekara da shekaru ya yi yana jan Fijo 504 tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. A wurinsa canjin inji aikin wuni guda ne. A ɗaura sarƙa a reshen dogonyaro da hantsi, a zaro tsohon, a zura sabon, a haɗa wayoyin da ba su kai yatsun hannu biyu ba, kafin magariba an ɗauki fasinja. Da wannan lissafin na je garejin Malam Garba, wanda ya fi shekara goma yana taɓa mini motoci. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Alhaji, wagga ba Fijo ba ta. Injin da kaka so, da danginai shika tahowa."

Ban gane ba sai da muka fara.

Da farko wani dillali daga Legas ya turo hotunan HEMI 5.7 mai tsabta, farashi da sauƙi. Har na kusa tura kuɗi. Malam Garba ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallon ƙasan injin. Ya ce wannan daga a-kori-kura ta Ram aka ciro shi. Sunan ɗaya, girman ɗaya, amma kaskon baƙin mai na a-kori-kura zurfinsa yana baya, na ƙananan motocin yana gaba saboda ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji. Bututun shaƙar iska na sama daban ne, murfin gaba da mazaunin fambel ma daban. Zai iya shiga, amma sai an sake sayen rabin kayan jikinsa. Da ba don idon bakanike ba, da na sayi ƙaton ƙarfen banza.

Abin da muka yi daga ƙarshe shi ne sayen R/T sukutum, ita ma 2012, wadda aka daka wa baya a can Amurka ta zama ba ta gyaruwa. Shekarar tana da muhimmanci, don an yi wa injin 5.7 garambawul a 2009, kuma daga 2015 giya ta koma mai takwas, kayan lantarkin suka sake salo. Aka ɗoro gawar a bayan tirela. Ranar da aka sauke ta unguwa ta cika da 'yan kallo, wani dattijo ya tambaye ni ko an samu rai.

Sai ga dangin amarya, ɗaya bayan ɗaya. Giyabos duka biyu mai biyar ce, asalinta ƙirar Mercedes, amma mun ɗauko ta babbar da ƙwaƙwalwarta, don ba a saita su iri ɗaya ba. Farfela ta biyo. Bakasil na baya ya biyo, don na mai silinda shida ƙarami ne. Lagireto da fanka, salansa tun daga wuyan inji har wutsiya, mazaunan inji, sifirin ɗin gaba saboda ƙarin nauyi, da birki. Kan birki na so in yi rowa, na ce nawa lafiyarsu lau. Malam Garba ya ajiye sifana ya ce in ba a canza su ba in kai aikin wani wuri, shi ba ya ƙara wa doki gudu ya bar shi da tsohon linzami. Na yi shiru, aka canza.

Duk wannan ƙarfe ne, kuma ƙarfe ba ya gagarar mutanenmu. Ɗora injin kansa kwana biyu ya ɗauka. Abin da ya ci mana watanni shi ne waya.

Motar zamani gida ce mai ƙananan kwamfutoci da yawa: ta inji, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, ta giya, ta birki, ta makulli, ta dashbod, da akwatin fis mai raba wuta. Kullum hira suke yi ta wasu tagwayen wayoyi, kuma an rubuta wa wasunsu lambar shasin motar da aka haife su a ciki. In baƙo ya shigo, sai an gabatar da shi.

Ba zan manta ranar tayarwar farko ba. Bayan la'asar, an zuba sabon mai, yaran gareji sun yi da'ira, har mai shayin gefe ya bar tukunyarsa. Na murɗa makulli. Inji ya kama da wani gurnani mai kauri da na ji shi a ƙirji, tsakuwar ƙasa tana rawa, yara suka sa ihu. Kafin ihun ya sauka ya mutu. Na sake, ya kama, daƙiƙa biyu, ya mutu. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙyafta mini ido a dashbod. Malam Garba ya riƙe hannuna ya ce kar in ƙara. Na'urar hana sata ce: ƙwaƙwalwar sabon inji ba ta san makullina ba, don haka a ganinta ɓarawo ne ni a cikin motata. Sai da muka ɗauko wani matashin rewaya daga Kano, da kwamfutarsa a jakar goyo. Ya ciro mazaunin makulli na gawar da makullinta da dashbod ɗinta ya dasa, ya kwana uku yana sulhunta su da sauran, yana kashe fitilun gargaɗi ɗaya-ɗaya. Ta birki ce ta fi taurin kai. Yaron bai kai shekarun ɗana na fari ba, bai taɓa baƙin mai ba ko sau ɗaya, kuma kuɗin aikinsa ya kusa kamo na Malam Garba. Har yau Malam bai huce ba.

Ana cikin haka, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kowa a gari yana neman yadda zai rage silinda, masu manyan motoci suna jingine su suna hawa mashin, ni kuwa ina tsakiyar ƙara biyu. Abokan kasuwancina na shinkafa sun samu abin dariya na wata guda. Nakan kare kaina da cewa wannan HEMI ɗin yana da dabara: in ana tafiya a miƙe ba a taka ba, yakan kashe silinda huɗu ya yi aiki da huɗu. Gaskiya ne, kuma shi ya sa yake son siririn baƙin mai 5W-20, ba mai kaurin da aka saba ɗura wa kowace mota a nan ba. Daga Kano nake sa a kawo mini. Amma wa zai ɗora HEMI don ya ƙi takawa? Ga fulogi goma sha shida, biyu a kowace silinda. Ranar canjinsu sai ka yi sallama da aljihu.

Abin da na samu kuwa, a takarda, doki 372 ne a madadin 305. Ƙarin 67 kacal. Da na faɗa wa Kawu sai da ya sa na maimaita. Amma ba a nan daɗin yake ba. Ƙarfin murɗa ƙafa, a awon Amurkawa, ya tashi daga 268 zuwa 400, kuma tun daga ƙasa yake zuwa. Da, in zan wuce tirela sai giya ta sauka inji ya yi ta kururuwa. Yanzu ɗan taɓa totur kawai, kujera ta tura ka a baya.

Jimillar abin da na kashe ba zan rubuta ba, don Hajiya tana karanta abin da nake rubutawa. Iyakar abin da zan ce, da na sayar da tawa yadda take na cika kuɗi na sayi R/T lafiyayya, da na huta da wata biyar na zirga-zirga, da zuwa gyaran lambar inji a takardun mota, kuma da canji ya rage. Duk wanda ya tambaye ni shawara haka nake gaya masa. Dashbod ɗina ma yanzu tafiyar wata motar yake ƙirgawa, wadda ta mutu a wata ƙasa.

Da aka gama, Kawu na fara ɗauka, muka kama hanyar Argungu da sassafe. Ya sa na kashe rediyo. Muka wuce fadama, shinkafa ta yi kore shar, na sami miƙaƙƙen wuri babu shanu babu rami na ɗan taka. Ya dafe hularsa, bai ce uffan ba. Da muka tsaya a Argungu ya hana ni kashewa, ya fita ya zagaya gaba, ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya sunkuyar da kai yana saurare kamar mai jin bugun zuciya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya ce, "Lafiya lau shika numfashi. To amma ɗana, mutum nawa taka ɗauka?"

Na ce huɗu ne a sake, biyar in an matsu.

Ya girgiza kai ya koma ya zauna. A hanyar dawowa fitilar mai ta kama, na ratse gidan mai, yaron ya ce, "A cika, Alhaji?" Kawu ne ya riga ni amsawa, ya ce a sa mata na komawa gida kawai.